Sabuwar fuska, tsohon suna: gardamar ƴan kallo daga kasuwar Filinge har zuwa Ingila

Duk wanda ya saba cin kasuwar Filinge ta ranar Lahadi ya san cewa ba gero da wake da shanun Azawak kaɗai ake saye da sayarwa a cikinta ba, har da labari. Da hantsi, bayan mutanen Shikal da Luma da Tukunus da Bonkuku sun gama sauke kayansu, sai ka ga an yi cincirindo a rumfar masu cajin salula. Wannan ya kawo waya a sa mata wuta, waccan ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙaramin kati domin a zuba mata fitowar shirin da ta wuce ta. A irin wannan rumfa, da gindin masu tuyar ƙosai, da layin masu atamfa, muke yawan cin karo da gardamar da ta sa muka ɗauki alƙalami a yau: idan aka canza jarumin shiri, aka bar sunansa da labarinsa yadda suke, shin shirin yana nan, ko kuwa ya bi mai tafiya?

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan magana, alhali ga tsadar kaya, ga matsalar hanya, ga rashin tsaro da ya addabi jihar Tilaberi shekara da shekaru. To, a yi mana haƙuri a bi mu har ƙarshe. Akwai kuɗi a cikin maganar, akwai mutunci, akwai kuma darasin da ya shafi duk mai rumfa ko mai butiki.

Yadda fim yake zuwa ƙasar Kurfey

Manyanmu ba su manta lokacin kaset ba. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sana'ar fim ɗin Hausa ta kama hanya, kuma kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar dillalan kaset. Daga can fatake suke ɗauko kaya su tsallako iyaka, su biyo ta Maraɗi ko ta Ƙwanni, har kaset ya iso gidajen kallo na ƙasar Kurfey. Bayan kaset aka shiga faifan CD, daga baya satar fasaha da salula suka kashe wannan kasuwa. Da masu shirya fim suka ga faifai ba ya fita, sai suka koma ga shiri mai dogon zango, wanda ake nunawa mako-mako a tele da YouTube. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe hanya da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in ya biyo a 2019. A 2020 kuma Izzar So da Labarina suka fito.

Ƴan kasuwa za su tuna halin da ake ciki a wannan shekara. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Buhun shinkafa da na wake sun tsaya a bakin iyaka, amma shirin mako bai tsaya ba, domin shi ba ya bin ta gaban duwan. Haka aka sake yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. Mutum ɗaya mai intanet ya sauke shiri a Yamai ko a nan Filinge, kafin la'asar ya bi wayoyi ya kai ƙauyuka.

Wannan sauyi ya canza zaman ɗan kallo da jarumi. A zamanin kaset, fim yakan ƙare a kashi na biyu ko na uku, a rabu lafiya. Shiri mai dogon zango kuwa kowane mako yana shigowa gida. Ana cin tuwon dare da shi, ana tsefe kai da shi, ana jiran mai saye da shi. Bayan shekara biyu, fuskar jarumar ta zama tamkar ta maƙwabciya.

Sumayya ta farko da ta biyu

Labarina shiri ne na kamfanin Saira Movies da ke Kano, wanda Malam Aminu Saira yake ba da umarni. Jigon labarinsa na farko wata yarinya ce ƴar talakawa mai suna Sumayya, wadda masoya suka yi wa caa, kowa da irin halinsa: ga Mahmud wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, ga Presdo na Isa Feroz Khan, ga Lukman na Yusuf Saseen, ga kuma Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa yana ta haɗa wuta yana cin riba. Wadda ta fara ɗaukar sunan Sumayya ita ce Nafisa Abdullahi, haifaffiyar Jos, wadda aka fara sani tun fim ɗin Sai Wata Rana na 2010.

Tun kafin babbar girgizar, shirin ya yi ƙananan rashi. Nuhu Abdullahi ya bar shi, Maryam Waziri mai fitowa a matsayin Laila ta yi aure a ƙarshen 2021 ita ma ta tafi. Waɗannan duk an jure. Amma a 2022 sai Nafisa ta sanar da cewa ta ajiye aikin, inda ta kafa hujja da ƙarancin lokaci saboda sauran harkokinta. Mai shiri ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ko ya kashe Sumayya, ko ya rufe shirin, ko ya nemo wata ya ɗora mata sunan. Sai ya zaɓi ta uku. Da shirin ya ci gaba, Fati Washa, ƴar Bauchi wadda ita ma ta daɗe a sana'ar, ita ce Sumayya.

Daga nan gardama ta tashi, kuma har yau idan aka tayar da ita ba ta rasa masu amsawa. Mun lura ƴan kallo sun kasu gida uku.

Gida na farko su ne masu cewa Sumayya guda ce, kuma ta tafi. A wurinsu tafiyarta da kallonta da yadda take yin shiru idan an ɓata mata rai, su ne Sumayya, sunan kuwa riga ce kawai. Iyayenmu mata na kasuwa suna da misalin da suke bayarwa: a ce ka je rumfar da ka saba sayen fura shekara biyu, ka tarar da ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, amma hannun da ke damawa daban. Ko furar ta yi daɗi, sai ka ji kamar da saura. Wasu ma sukan kwatanta abin da amaryar da aka kawo ɗakin uwargida, aka ce yara su kira ta da sunan uwarsu.

Gida na biyu su ne masu bin labari. Su abin da ya dame su shi ne su ga inda za a kwana: wa zai auri Sumayya, yaushe asirin Baba Ɗan Audu zai tonu. Hujjarsu ita ce, kowa ya san wasa ake yi, ita ma ta farkon ai ba sunanta Sumayya ba, aro ta yi. In an ara wa wata ta yi ado, don me ba za a ara wa wata ba?

Gida na uku, kuma a ganinmu su suka fi yawa, su ne waɗanda suka rantse sun daina kallo, amma mako na zagayowa sai ga su a rumfar mai turi, wai za su duba ne kawai su ga yadda sabuwar za ta kwashe. Sati uku, sati huɗu, sai ka ji sun koma zagin mugun cikin shirin, sun manta da batun fuska. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, amma shi sabon ma ana sake shi.

A 2023 Labarina ya rufe babin Sumayya gaba ɗaya, ya buɗe sabon labari da sababbin mutane, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara. A wannan karon ba a yi hayaniya irin ta baya ba, domin ba a ce wa kowa ya kira baƙo da sunan ɗan gida ba.

Doktan da yake sake jiki

Wannan matsala ba a Kano aka fara ta ba. Turawan Ingila sun riga mu shiga cikinta da fiye da shekara 50, kuma dabarar da suka yi ta cancanci a ji.

Ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka Kennedy, gidan BBC ya fara nuna wani shiri mai suna Doctor Who. Irin shirin nan ne na ƙagaggen labarin kimiyya, wato dangin finafinan Indiya da matasanmu suka sani, kamar Koi Mil Gaya na 2003 mai baƙon halitta daga sama, ko fim ɗin mutum-mutumin inji na Rajinikanth na 2010. Jarumin shirin, wanda ake kira Dokta kawai, ba ɗan duniyarmu ba ne. Zuciya biyu gare shi, kuma yana yawo tsakanin jiya da gobe da sauran duniyoyi cikin wani akwati shuɗi. Daga waje akwatin bai fi rumfar mai shayi ba, amma cikinsa ya fi gidan sarki faɗi.

Wanda ya fara fitowa a matsayin Dokta wani dattijo ne mai suna William Hartnell. Zuwa 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, har haddar magana tana yi masa wuya. Shiri yana tashe, jarumi ya gaza. Maimakon su nemo mai kama da shi su yi wa jama'a rufa-rufa, sai marubuta suka shigar da canjin cikin labarin kansa. Suka ce ai shi Dokta, tunda ba mutum ba ne, idan jikinsa ya tsufa ko ya ji mummunan rauni, yakan sake sabon jiki da sabuwar fuska har da sabon hali, amma tunaninsa da tarihinsa suna nan. A ƙarshen watan Oktoba na 1966, a gaban idon ƴan kallo, dattijon ya faɗi, fuskarsa ta rikiɗe ta zama ta Patrick Troughton.

Kada a ɗauka an karɓi abin da tafi. Rahotannin jin ra'ayin ƴan kallo da BBC ta ajiye sun nuna da yawa ba su so sabon Doktan ba da farko, suna ganin ya cika wasa da shirme. Amma ya yi shekara uku a kan aikin, kuma yau ana lissafa shi cikin waɗanda aka fi so. Da wannan dabara shirin ya rayu har 1989, ya huta, ya dawo a 2005. Kowane canji da irin ƙorafinsa. Da aka sanar da Matt Smith a 2009, yana da shekara 26, aka ce yaro ne. Da aka kawo Peter Capaldi a 2013, yana da shekara 55, wasu suka ce ya tsufa.

Gwangwanayen da aka tsinta a Jos

Ga wani abin mamaki da ya haɗa wannan shiri da yankinmu. A shekarun 1960 da 1970, zaren ɗaukar hoto yana da tsada, saboda haka BBC takan goge tsofaffin shirye-shirye ta sake ɗaukar wasu a kai. Ta haka fitowa da yawa na Doctor Who suka salwanta. Abin da ya ceci wasu shi ne kasuwanci: an riga an sayar da kwafi ga gidajen tele na ƙasashen waje, ciki har da Nijeriya.

A watan Oktoba na 2013 aka sanar da cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar tele a Jos. A cikinsu akwai fitowa 9 da aka ɗauka sun ɓace har abada, na shekarun 1967 da 1968. Wannan tsintuwa ta rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97 a lokacin. Kuma duk na wane ne? Na Patrick Troughton, wato mutumin farko da aka ɗora wa sunan wani, wanda aka yi wa tsiya da farko. Fim ɗin da masu shi suka goge don ba su ga darajarsa ba, shi ne masoya suka yi rububin saye bayan shekara 45. Abin nema ya samu, in ji masu magana, matar falke ta haifi jaki. Garin da ya adana aikin Dokta na biyu kuwa, shi ne garin da aka haifi Sumayya ta farko.

Da aka kawo mace, da aka kawo baƙar fata

Gardama mafi zafi ta tashi ranar 16 ga Yuli 2017, lokacin da BBC ta sanar da cewa Dokta na 13 mace ce, Jodie Whittaker. Wasu suka yi murna, musamman mata da ƴan mata. Wasu suka ce an lalata musu shiri, suka yi ta yayata cewa wannan ba Doktansu ba ce. Masu kare ta suka ce, wanda kuka yarda yana da zuciya biyu yana tafiya cikin zamani, me zai hana ku yarda ya zama mace? Fitowarta ta farko, a watan Oktoba na 2018, kusan mutum miliyan 11 suka kalla a Birtaniya. Daga baya adadin ya yi ta raguwa, kuma da yawa daga masu sharhi sun ɗora laifin a kan rubutun labarin fiye da ita jarumar.

Ranar 8 ga Mayu 2022, wato a shekarar da aka canza Sumayya, aka sanar da Ncuti Gatwa. An haife shi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 1992, iyayensa suka gudu da shi daga kisan kiyashin 1994, ya girma a Sikotilan. Shi ne baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin. Ƴan Afirka mazauna Turai da yawa sun ji daɗin ganin nasu a wannan matsayi, amma ya sha zagi daga masu wariyar launin fata tun kafin a ga aikinsa. Ya yi zango biyu, a 2024 da 2025, ya sauka a ƙarshen watan Mayu na 2025. A watan Oktoba na wannan shekarar aka bayyana cewa kamfanin Disney na Amurka, wanda ya zuba kuɗi a zangunan nasa, ya janye daga haɗin gwiwar.

Abin lura a nan shi ne, sabuwar fuska tana tara jama'a ranar farko, kamar yadda sabuwar butiki take cika ranar buɗewa. Wanda ya zo ganin ƙwaƙwaf zai zo sau ɗaya. Abin da yake dawo da shi mako na gaba shi ne ingancin kayan da ya tarar.

Akwai kuma waɗanda ba a maye gurbinsu

Wata hanyar ita ce a bar kujera babu kowa. Matasanmu sun san fim ɗin Black Panther na 2018, mai labarin wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka da ta fi kowa ci gaban kimiyya. Jaruminsa Chadwick Boseman ya rasu a watan Agusta na 2020 yana da shekara 43, bayan fama da ciwon daji. Wasu masoya suka roƙi a nemo wani ya ci gaba da sunan sarkin, wasu suka ce hakan cin fuska ne ga mamaci. Kamfanin ya ƙi maye gurbinsa. A kashi na biyu da ya fito a 2022, sarkin ya mutu a cikin labarin, ƙanwarsa ta gaje shi.

Mu ma muna da irin wannan. Tun da Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, an yi masu barkwanci da yawa, wasu har suna kwaikwayon muryarsa, amma babu wanda jama'a suka yarda su kira Ibro. Shi a wurinsa sunan wasa da mutumin sun riga sun zama abu guda.

Tunanin ba baƙo ba ne a Kurfey

Idan aka duba tarihin ƙasarmu, batun suna ɗaya ya riƙa sauya jiki ba sabon abu ba ne a kunnen Bakurfaye. A 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fara abin da aka sani da Hauka ko Babule, inda masu yi suke fitowa da siffar kumandan da sojoji da sauran manyan mulkin mallaka. Abin ya tayar wa Turawan Faransa hankali, har kumandan na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su aka hukunta su. Daga baya ƴan ci-rani suka kai abin har Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. A harshen masu wannan harka, mutum doki ne, mahayin kuwa yana iya sauka ya hau wani, kuma masu kallo suna gane shi ta halinsa da tafiyarsa. Tarihi muke kawowa, domin a ga cewa kakanninmu sun san bambancin suna da mai ɗauke da shi tun kafin tele ta zo.

Haka sarauta take. Sarki yakan rasu a naɗa wani, sunan sarautar yana nan, kuma shekarar farko ba a rasa masu cewa ai marigayi ya fi.

To, ina ribar ɗan kasuwa a nan?

Na farko, masu tura fim. Yau wannan sana'a ce da take ciyar da matasa da yawa a garuruwanmu, kuma jarinta shi ne ɗokin jama'a. Idan aka canza jarumi mutane suka yi fushi, cinikin wannan makon yana iya ja da baya. Shawararmu gare su ita ce su faɗa wa mai saye gaskiya kafin su zuba masa: Hajiya, an fa canza wance. Wadda ta sani ta saya ba za ta dawo da faɗa ba. Wadda aka ɓoye wa kuwa, ta je gida ta tara yara ta ga baƙuwar fuska, gobe rumfar maƙwabcinka za ta.

Na biyu, mu san cewa yawancin kallonmu ba ya shiga lissafi. Mai shiri yana samun kuɗinsa ta hanyar tallace-tallace, na YouTube da na tele da na ƴan kasuwar da suke biya a nuna kayansu a cikin shirin. Su kuwa masu talla adadin masu kallo suke dubawa. Idan mutum ɗaya ya sauke shiri ya tura wa ɗari, na'ura mutum ɗaya ta ƙirga. Saboda haka mata ɗari na Kurfey suna iya yin fushi ko murna, amma a ofishin mai shiri a Kano ba a ji motsinsu ba. Wanda yake da hali ya kalli shirin da yake so a tashar masu shi, ko da sau ɗaya a wata, ya taimaki sana'ar, kuma ya sa an san da zamansa.

Na uku, darasin rumfa. Kowane ɗan kasuwa yana da Sumayyarsa: yaron butikin da ya san kowa da sunansa, ko yarinyar da take kai wa ma'aikata abinci, ko dillalin da Fulani ba sa sayar da sa sai ta hannunsa. Ranar da ya tashi, rabin masu saye suna iya bin sa. Dabarar Turawan nan tana da amfani a nan. Kada a wayi gari kawai a ga baƙo a kan benci. A haɗa sabo da tsoho su yi ƴan makonni tare, a gabatar da shi ga masu saye, a ce ga wane, shi zai ci gaba, bashinku da alkawarinku suna nan. Jama'a sun fi jin zafin a raina musu hankali fiye da canjin kansa. Sannan duk haɗin gwiwar da za ta daɗe, a rubuta ta a gaban shaidu tun ana dariya: wa'adi nawa, in za a tafi sanarwar wata nawa.

Na huɗu, harshe. Mun ji irin maganganun da ake yi wa waɗannan mata a saƙonnin murya na WhatsApp, wadda ta tafi a ce girman kai, wadda ta zo a ce kwaɗayi. Ita mai tafiya sana'a ta sauya, kamar yadda mai sayar da atamfa take komawa kayan miya idan ta ga ya fi mata. Ita mai zuwa aiki aka ba ta ta karɓa, kamar yadda kowannenmu zai karɓi rumfar da aka bari. Dukansu ƴaƴan wasu ne. A ce wasan wance bai yi mini ba, wannan haƙƙin ɗan kallo ne. A shiga mutuncinta da na iyayenta kuwa, wannan ya wuce kallo.

Na ƙarshe, tambaya ce gare mu duka. Har yaushe za mu tsaya muna gardama a kan jaruman wasu? Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar sinima. A 1966, shekarar da aka fara canza Dokta, Mustafa Alasan ya fitar da Le Retour d'un aventurier, wanda Zalika Sule ta fito a ciki. A 1972 Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Labari bai ƙare mana ba: ga tarihin Shikal, ga rayuwar ƴan ci-rani, ga fataucin shanu daga Dallol Boso zuwa kudu, ga matan da suke riƙe da gidaje da cinikin cuku. Abin da ya rage shi ne jari, kuma jari yana hannun ƴan kasuwa. Alhazan da suke biyan talla a shirye-shiryen waje suna iya gwada ƴaƴan gida.

Kafin nan, Lahadi mai zuwa za mu sake bi ta rumfar masu caji. Wadda har yanzu take riƙe da Sumayya ta farko, da wadda ta koma ta biyu, duk muna gaishe ku, kuma wannan fili a buɗe yake ga mai son bayyana ra'ayinsa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasar Kurfey da Nijar baki ɗaya lafiya, amin.